Yadda ni da yarana muka bi diddigin zagin Iwobi

Ranar 11 ga Fabrairu 2024 Kwaddibuwa ta doke Najeriya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan. Troost-Ekong ya fara ci mana, Kessié ya farke, Haller ya ƙarasa mu. Daga nan jama'a suka yi wa ɗan wasan Najeriya Alex Iwobi ca a intanet, har ya goge hotunansa na Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi mutane su bari.

Ɗana mai shekara 13 ya kawo min wayar mahaifiyarsa yana ta dariya. Hoton Iwobi ne an jirkita shi, da wata magana a ƙasa wai shi ya faɗe ta, yana neman turawa abokansa. Ban ƙwace wayar ba. Na kira ƙanwarsa muka zauna a tabarma, na ce, "To, wa ya fara sa wannan?"

Muka buɗe shafin. Babu sunan mai shi, babu bidiyon da Iwobi ya furta maganar, babu gidan jaridar da ya kawo ta. Da muka gangara ƙasa, sai ga shafin nan yana kambama 'yan wasan Najeriya ranar da suka fitar da Angola daga gasar. Ƙanwar ce ta fara ganowa. Ta ce, "Baba, ashe shi duk wanda za a taru a kansa yake bi." Nan na yi musu bayanin cewa yawan sharhi da turawa ne ke ɗaga irin waɗannan shafuka, ashar kuwa ta fi yabo tara mutane.

Abin da na fahimta shi ne, wa'azi ba ya kama yaro yana cikin zafin an ci ƙungiyarsa. Amma ba ya son a mai da shi wawa, kuma da ya ga ana kasuwanci ne da fushinsa, da kansa ya fasa turawa.

Inda na rasa ta cewa, sai da ya ce, "Baba, ai a gidan kallo manya ma haka suke zagi." Gaskiyarsa. Shi ya sa yanzu idan akwai babban wasa tare muke zuwa, ya zauna kusa da ni, a hanyar dawowa mu tattauna abin da muka ji.