Wasan Daɓe a Bauchi: Sana'ar Bayan La'asar

Shekara goma sha ɗaya na yi a cikin wata ƙaramar ƙungiyar wasan daɓe a nan garin Bauchi, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa ganin ɗayanmu ya rubuta "ɗan wasan kwaikwayo" a gurbin sana'a ba idan aka ba shi fom ya cike. Shugabanmu tela ne a kusa da kasuwar Wunti, wanda ya fi kowa iya fitowa a dattijo direban Keke Napep ne, ɗaya daga cikin matan ƙungiyar tana kai atamfa da turare gida-gida, ni kuma malamin firamare ne. Wannan ne ya sa ba ma haɗuwa sai bayan la'asar, lokacin da kowa ya samo abin cefanen gobe.

A wani aji muke bita, bayan yara sun tashi. Mukan tura bencina jikin bango, mu ja layi da alli a ƙasa mu ce nan ne bakin dandamali, kujerar malami ta zama karagar hakimi, ƙofar aji kuma ta zama ƙofar zaure. Daga nan har kiran magariba ana maimaita fitowa ɗaya sau biyar ko sau shida, shugaba yana tsaye da tef ɗin awo rataye a wuyansa domin daga shago ya taho kai tsaye, yana cewa, "Malam, ɗaga muryarka, mai kallo na can baya ma mutum ne." Wasa guda yakan ci mako uku ko huɗu na irin wannan zama, kuma babu wanda ake ba ko sisin kwabo a kansa. Kowa da kuɗin aljihunsa yake zuwa, wani daga Yelwa, wani daga Fadaman Mada, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin zuwa bita kaɗai ya isa ya zaunar da mutum a gida.

Ba baƙon abu ba ne kwaikwayo a wurinmu. Duk wanda ya tashi a Jahun ko Nassarawa ya ga tashe da azumi, ya ga yaro ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho, kuma ya ga 'yan kama suna juya wa'azi ya koma raha. Littafin Shaihu Umar na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, wanda aka wallafa a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Iyayenmu sun san Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu, sai dai waɗannan suna da gidajen rediyo da talabijin da ke kai muryarsu ko'ina. Ma'aikacin hukumar raya al'adu ta jiha yana da albashi, kuma yana iya samun shiga tawagar da za ta je bikin NAFEST, wato bikin fasaha da al'adu na ƙasa. Ɗan fim yana da kasuwar da ta kafu a Kano tun daga 1990. Ɗan wasan daɓe mai zaman kansa ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan rumfuna, shi ne marubuci, shi ne mai neman fili, shi ne mai ɗaukar lasifika a ka.

To daga ina kuɗi ke shigowa? Mafi yawansa daga wasan faɗakarwa ne. Wannan salo na kai wasa ƙauye domin a tattauna matsalolin jama'a ya yi ƙarfi ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun a tsakiyar shekarun 1970, daga baya hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji suka rungume shi. Mu ma mun yi wasanni a kan rigakafin shan-inna, da awon ciki, da sa 'ya mace a makaranta, da zaman lafiya lokacin zaɓe. Ba na raina wannan aiki ko kaɗan. Ranar da aka sanar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Afirka, na ji a raina cewa muna da ɗan rabo a ciki, ko da bai fi ƙwayar gero ba.

Ina tuna wata ranar kasuwa a wani ƙauye da ke kan hanyar Ningi. Mun fara gaida dagaci, muka shimfiɗa tabarmi biyu a gindin kuka, janareto ya ƙi tashi, muka yi wasan da muryoyinmu kawai. Direban nan namu ya fito a maigidan da ya hana matarsa zuwa asibiti alhali naƙuda ta yi tsawo. Yana cikin faɗa sai wata tsohuwa ta ajiye ƙwaryar nononta, ta ratso cikin fili, ta nuna shi da yatsa ta ce, "Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah, haka aka yi wa 'yata." Kasuwar ta yi tsit. Shi kuwa bai fita daga rawar da yake takawa ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, to yaya kike so in yi?" Ita ce ta ƙarasa mana wasan, kuma abin da ta faɗa ya fi duk abin da muka rubuta. Irin wannan lokaci ne yake riƙe mutum a sana'ar da ba ta riƙe shi ba.

Amma akwai abin da wannan kwangila take ci a jikin ɗan wasa, kuma shi ne ya fi damuna. Mai ba da kuɗi yakan zo da saƙonsa a rubuce, ya ce lallai a ambaci abu kaza da abu kaza, kuma a ƙarshe mai taurin kai ya tuba. Idan ka shekara biyar kana yin haka, hannunka yakan saba da labari iri ɗaya, har ka manta cewa mutum yana iya ƙin tuba, kuma wasan ya fi gaskiya a hakan. Sannan kuɗin sallama na ranar wasa ne kawai, ba a lissafa makonnin bita, ba a lissafa rubutu, ba a lissafa ɗinkin kaya. Akwai wani aiki da muka yi wa wata ƙungiya a ƙauyuka shida, babu takardar yarjejeniya sai alkawarin baki, muka yi wata huɗu muna sintiri kafin a biya mu, abin da ya fito kuma bai kai abin da aka faɗa ba. Shugaba ya cike gibin kuɗin mota daga cinikin ɗinkin sallah, bai gaya wa kowa ba sai da aka daɗe.

Sau ɗaya muka gwada tsayawa da ƙafarmu. Muka yi hayar zaure, muka buga tikiti mai sauƙin kuɗi, muka sa sanarwa a rediyo. Jama'a sun zo, amma kusan kowa yana da dalilin da zai shiga kyauta: wannan ƙanen ɗan wasa ne, wancan maƙwabci ne, wani kuma babba ne da ba a iya tambayarsa tikiti. Ban ga laifinsu sosai ba, domin an saba ganin wasa a fili ko a akwatin talabijin ba tare da an biya ba, kuma kunya ba ta barin mai tsaron ƙofa ya mayar da surukinsa. Da aka biya kuɗin zaure da man janareto, abin da ya rage shayi da burodi ya saya mana.

Zaman gida na korona a 2020 ya watsa ƙungiyoyi da dama. Matasan cikinmu suka koma ɗaukar gajerun barkwanci da waya suna sakawa a Facebook da YouTube da TikTok, wasu kuma suka nufi Kano da Jos neman shiga fim. Ina yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya, kuma wasunsu sun fi samu a can. Sai dai wasan minti ɗaya a waya ba ya koya wa mutum yadda zai riƙe hankalin kasuwa guda na tsawon sa'a, ko yadda zai amsa wa tsohuwar da ta ratso fili. Mata kuwa tafiyarsu ta fi gajarta, domin kafin yarinya ta goge, maganganun unguwa sun ishi iyayenta, ko mai neman aurenta ya gindaya sharaɗin ta daina. Tsofaffin hannu ba su da fansho, idan ciwo ya kwantar da ɗayansu sai dai mu yi karo-karo.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Duk mai ba da aikin faɗakarwa ya sa kwanakin bita a cikin lissafi, ya rubuta yarjejeniya, ya ba da rabin kuɗi kafin a fara. Makarantu da hukumomin da zaurukansu ke kulle daga la'asar su buɗe wa ƙungiyoyi ko da sau ɗaya a wata. Mu kuma 'yan wasa mu daina karya wa juna farashi, domin duk wanda ya karɓi aiki a kan kuɗin mota kawai ya yanke wa na bayansa.

Shugabanmu yana da wani wasa da ya rubuta a littafi mai shafi tamanin, a kan wasu 'yan'uwa biyu da gonar gado ta raba bayan da gari ya cim mata, kuma babu wanda ya tuba a ƙarshensa. Shekara shida littafin yana cikin durowar keken ɗinkinsa, domin babu mai ɗaukar nauyin irin wannan labari. A makon jiya ya kira ni ya ce, "Malam, ko da mutum ashirin ne za su kalla, bana sai mun yi shi." Mun sa ranar Asabar bayan la'asar domin karatun farko, kuma ni aka ba rawar ƙanen.