Allurar Testosterone da Dattawan da Ke Zuwa Shagona

Dattijo ba ya tambayar allurar testosterone a gaban mutane. Sai ya jira shago ya watse, ya sayi maganin hawan jininsa, ya karɓi canji, sannan ya rage murya: "Ɗana, wai akwai wata allura da ke dawo da kuzari?" Yawanci a majalisa ya ji, ko wani ya turo masa bidiyo a WhatsApp. Ni mai harhaɗa magunguna ne, ba likita ba, amma tambayar ta yi yawa har ta sa na zauna na bi diddigin abin da masu bincike suka gano.

Gaskiya ne testosterone, sinadarin mazantaka da maraina ke samarwa, yana raguwa a jikin namiji, kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara daga wajen shekara 40. Gardamar likitoci ita ce: wannan ciwo ne da za a yi wa magani, ko girma ne kawai ya zo?

A 2010 an tsayar da wani gwaji a Boston kafin wa'adinsa. Tsofaffi 209 ne masu wahalar tafiya. Cikin waɗanda aka ba maganin, 23 suka gamu da matsalar zuciya ko ta hanyoyin jini, cikin waɗanda ba a ba su ba kuwa 5 kacal. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ce ba ta amince a ba da shi don tsufa kaɗai ba, sai ga wanda wata cuta ta hana jikinsa samarwa.

Binciken da na fi yawan ambata wa dattawan nan shi ne wanda Peter Snyder na Jami'ar Pennsylvania ya jagoranta. Sai da suka tantance maza sama da 51,000 'yan shekara 65 zuwa sama kafin su samu 790 da suka cika sharuɗɗa. Ku duba tazarar! Da yawa sun zo da kukan kasala da sanyin jiki, aka auna jini aka tarar sinadarin bai yi ƙasan da suke zato ba. Waɗannan 790 ɗin an raba su biyu: rabi suna shafa man testosterone tsawon shekara, rabi suna shafa man da babu magani a cikinsa.

Da sakamako ya fito a 2016 da 2017, sha'awa da kusantar iyali sun ƙaru, amma ba can ba, kuma zuwa ƙarshen shekarar ƙarin ya fara ja baya. Kasalar nan da ake kuka da ita ba ta wani sauya ba. Mantuwa tana nan yadda take. Masu ƙarancin jini dai sun amfana, ƙashi ma ya ƙara nauyi a awo.

Sai babban gwajin TRAVERSE, mai maza sama da 5,000 'yan shekara 45 zuwa 80, masu ciwon zuciya ko haɗarin kamuwa da shi. A 2023 aka ga manyan matsalolin zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun zo kusan daidai, kashi 7.0 cikin 100 ga masu shafa maganin, kashi 7.3 ga masu shafa man da babu magani. Masu talla nan suke tsayawa. Ba sa faɗin cewa rikicewar bugun zuciya da gudan jini a huhu sun fi yawa ga masu shafa maganin. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rahoton 2024: karayar ƙashi ta fi yawa a cikinsu, kashi 3.5 a kan kusan 2.5, alhali ana sa ran akasin haka.

Kuma duk wannan man shafawa ne, ana auna jini a kai a kai, ana gyara adadi. Mu kuwa allura ake nema, a yi ta a bayan kanta ba tare da an auna komai ba.

Don haka nake cewa, "Baba, a je asibiti a auna jinin da sassafe kafin karin kumallo, a sake aunawa wata rana, a duba suga da PSA, wato awon jini na lafiyar prostate, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara." Teɓa da ciwon suga kan sauke sinadarin, kuma rage ƙiba na iya ɗaga shi. Wasu su ji, wasu su ce yaron nan ya cika ƙa'ida, su wuce kemis na gaba.

Wanda na fi tsayawa a kansa shi ne Alhajin da ya ƙara aure, yana son amarya ta haihu. Idan testosterone ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa takan daina aika wa maraina umarni, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani har su ƙare ƙaf. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta taɓa gwada allurar a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza, sakamakon ya fito a 1990. Bayan an daina, akan yi watanni kafin su dawo, wani har ya haura shekara. In Alhaji ya ce mini ɗa yake nema, ba na sayar masa, ko nawa ya ajiye.