Kafin a raba ruwa, a fara auna shi

Ƙashin bayan kowace dokar ruwa ta ƙasa shi ne lasisin ɗiba: wa zai ɗebi ruwa, nawa, daga ina, kuma a wane lokaci na shekara. Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne bayar da lasisin tun ba a san yawan ruwan da ake da shi ba.

A 1922 aka ƙulla yarjejeniyar raba ruwan Kogin Kolorado tsakanin jihohi bakwai na Amurka, bisa awon wasu shekaru da ruwa ya yi yawa. Abin da aka raba a takarda ya zarce abin da kogin ke kawowa a yawancin shekaru, har gobe ana ta ja-in-ja a kansa. Don haka a ganina dole rabo ya tsaya a kan shekarun fari, tare da bayanan awo na kamar shekara 30.

Tsarin kuma ya bi kwarin kogi daga mafari zuwa mashiga, don ruwa bai san iyakar jiha ba. Faransa ta kama wannan hanya tun 1964 da hukumomin kwari guda shida. Dokar Afirka ta Kudu ta 1998 ta ƙara wani abu mai kyau: a fara ware ruwan buƙatun yau da kullum na jama'a da wanda zai bar kogin da ransa, sannan a raba saura. Noma ne ke cin kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba a duniya, saboda haka can ne lissafin ya fi zafi.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi wuyar sha'ani tunda ido ba ya ganinsa. Kafin a amince da babbar rijiyar burtsatse, a yi gwajin zuƙa na awa 24 zuwa 72, ana sauke ma'auni a cikinta da rijiyoyin maƙwabta, a ga yadda ruwan ke sauka da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya dawo. In an tsallake wannan, rijiya mai zurfi takan ƙafar da gajerun da ke kewaye da ita. A bakin teku ruwan gishiri ya kutso, a birane irin su Jakarta da birnin Meziko kuwa ƙasar ce da kanta ke nutsewa.

Lasisin ya zama mai wa'adi, ya ba hukuma ikon rage ɗiba a shekarar fari, a kuma ɗaura mita a bakin bututu, jami'i ya riƙa zuwa yana karanta ta duk wata.