Talata, mako na biyu a ɗakin yara

Da asuba ruwa ya sauka a Maradi, don haka sai da na daɗe a bakin titin unguwarmu ta Bagalam kafin in sami ɗan kabu-kabu. Na cire na'urar kunnena na ƙulle ta a bakin gyale, domin laima ce babbar abokiyar gabarta, kuma idan ta lalace ban san ranar da Baba zai iya saya mini wata ba.

Sanƙarau ne ya tafi da jin kunnena na hagu da rabin na dama a annobar 2009, ina da shekara 5, kafin a fara allurar rigakafinsa ta MenAfriVac a ƙasar nan a 2010. Firamare a makarantar kurame na yi, inda muka koyi magana da hannu da karanta leɓen mai magana. Ko bayan na sami BEPC, takardar kammala ƙaramar sakandare, na shiga makarantar kiwon lafiya, ban daina jin cewa aron wuri aka ba ni ba, kuma wata rana za a zo a karɓe shi.

Damina ce, ɗakin asibitin da nake koyon aiki ya cika da yara masu masassara da tamowa, wasu biyu a gado guda. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne takunkumin fuska. Da safe wata ma'aikaciya ta yi mini magana bakinta a rufe, ta maimaita sau biyu, sannan ta juya ta aiki wata ɗaliba. Ba ta faɗi mummunar kalma ba, amma na fita bayan ɗaki na tsaya ina tambayar kaina ko ba gara in koma ɗinki ba, kamar yadda gwaggona ta sha ba ni shawara.

Bayan azahar aka ba ni aikin auna damtsen yara da igiyar awo mai launi uku, wadda ja a cikinta ke nufin ƙasa da milimita 115, wato tamowa mai tsanani. Wata yarinya mai wata 9 ta faɗa a kore, har uwarta ta fara shirin goya ta. Ni kuwa ƙirjinta nake kallo, domin ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa duk lokacin da ta ja numfashi. Na ce, "Inna, ki ɗan dakata, ki ɗaga mini rigarta." Na ƙirga minti guda cur da agogo, na sami 58, alhali a wannan shekarun daga 50 ake cewa numfashi ya yi sauri. Sai da na sake ƙirgawa kafin in yarda da kaina, wanda ɓata lokaci ne kawai, kuma na san tsoro ne ya sa.

Shugabar ɗakin ta zo ta saurari ƙirjin, ta sa aka kwantar da yarinyar saboda ciwon huhu. Daga nan ta sauke takunkuminta ta fuskance ni sosai ta ce, "Ƴata, wa ya nuna miki wannan?" Na ce, "Hajiya, an koya mana a aji, kallon kuma tun ina ƙarama nake yi." Ta ce daga gobe ni zan riƙa ƙirga numfashin yaran da ke layi kafin su shiga.

Har yanzu ban iya jin bugun zuciya da kyau da abin sauraron ƙirji ba, kuma jarrabawar aiki tana tafe. Na saya wa na'urar sabon batir a hanya, na wanke farar rigata, ina fatan ta bushe kafin safe.