Na Raka Baba Ta'aziyyar Fernando

Daren Talata, 22 ga Oktoba 2024, na dawo daga aiki na tarar da maƙwabcina zaune a bakin garejinsa, fitila a kashe, rediyo a kan cinya. Dattijo ne ɗan asalin Meziko, ya doshi saba'in, kuma shekara shida ke nan katanga ɗaya ce ta raba mu a San Diego. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini "miho", wato ɗana. Sai da na gaishe shi sau biyu kafin ya ɗago.

"Fernando ya rasu," in ji shi.

Bai faɗi sauran sunan ba, don a wajensu Fernando ɗaya ne: Fernando Valenzuela, tsohon mai jifa na Dodgers, ƙungiyar besbol ta Los Angeles, wanda daga baya ya shafe sama da shekara 20 yana yi musu sharhin wasa da Sifaniyanci. Ya rasu a wani asibiti a Los Angeles yana da shekara 63. Na ce, "Baba, sai haƙuri." Ya ce jibi zai je filin wasan ya ajiye fure. Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa, 'ya'yansa kuma duk suna nesa. Mu dai an raine mu a kan cewa ba a barin maƙwabci ya tafi gaisuwar mutuwa shi kaɗai, don haka na nemi hutun yini guda.

Ranar Alhamis da sassafe muka hau jirgin ƙasa na Pacific Surfliner a tsohuwar tashar Santa Fe. Tafiyar kusan awa uku ce. Baba ya ce mu zauna ta hagu, kuma da muka wuce Oceanside na gane dalili: teku ce shimfiɗe har iya ganinka, a wajen San Clemente ma sai ka rantse ruwan zai taɓa ƙafar jirgin. Shi ko kallon taga bai yi ba. Ya rungume wata tsohuwar riga fara mai lamba 34 a baya, lambar Fernando, shuɗin rubutun ya koɗe, wuyan ya yi laushi saboda wanki.

Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, abin da na sani a besbol a garejin Baba na tsince shi. Mutum ɗaya ya tsaya a kan ɗan tudu ya jefo ƙwallo, wani ya tare ta da sanda, in ya make ta sai ya zagaye kusurwa huɗu a guje ya ci maki. Mai jifan nan shi ne ƙashin bayan wasa. A cikin jirgin Baba ya sake ba ni labarin da na ji ya fi sau goma, amma ran nan muryarsa daban take.

An haifi Fernando a 1960 a wani ɗan ƙauye da ake kira Etchohuaquila a jihar Sonora, shi ne auta cikin 'ya'ya 12. Ranar buɗe kakar 1981 wanda aka shirya zai yi jifa, Jerry Reuss, ya ji ciwo, sai koci Tommy Lasorda ya miƙa ƙwallo ga wannan yaro bahago mai shekara 20, mai ƙiba, wanda ko Turanci ba ya ji. Ya hana ƙungiyar Houston cin ko maki ɗaya. Wasa takwas na farko duk ya cinye, a biyar daga ciki abokan karawa sun tashi hannu rabbana. Baba ya miƙe a tsakiyar taragon, da gwiwar tasa da komai, ya gwada mini yadda yake yi: ya ɗaga ƙafa, ya wulla idanu sama kamar mai neman wani abu a gajimare, sannan ya saki ƙwallo tana murɗawa ta ɓangaren da mai sanda bai zata ba. Wata mata da ke kujerar gaba ta juyo, ta ga rigar, ta dafa ƙirji ta gyaɗa kai.

A shekarar nan ya haɗa kyautar gwarzon sabon ɗan wasa da kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa, abin da babu wanda ya taɓa haɗawa a kaka ɗaya. Ya ci ƙungiyar Yankees ta New York a wasa na uku na gasar ƙarshe ta cin kofi bayan an doke Dodgers sau biyu a jere, daga nan suka farfaɗo har suka ɗauki kofi. Laƙabinsa El Toro, wato bijimi.

Sai da muka wuce Anaheim Baba ya kawo zancen mahaifinsa. Inda filin Dodgers yake yanzu, a kwarin Chavez Ravine, da can unguwanni ne uku na 'yan Meziko: Palo Verde da La Loma da Bishop. A farkon shekarun 1950 hukumar birni ta tashe su da alkawarin za a gina gidaje masu sauƙin kuɗi. Ba a gina ba. A watan Mayun 1959 aka fitar da na ƙarshensu da ƙarfin tsiya, a 1962 aka buɗe filin wasa a wurin. Mahaifin Baba a La Loma ya tashi, kuma ya rantse ba zai taka filin ba har abada. Ya riƙe rantsuwar nan kusan shekara 20.

"Wata Asabar a 1981 ya ce mini in nemo tikiti biyu," in ji Baba. "Bai yi mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Muna zaune a can sama ya nuna mini wajen ajiye motoci ya ce, nan ne gidan kakarka."

Ban sami abin cewa ba. Na zuba masa shayi daga fulas ɗina.

Mun sauka a Union Station wajen ƙarfe goma. Tsallaken titi akwai Olvera, tsohuwar kasuwar 'yan Meziko, an cika ta da furanni ruwan lemo saboda bikin tunawa da matattu da suke yi a farkon Nuwamba. Nan Baba ya sayi damin furen, ya daɗe yana zaɓe. Muka hau bas ta titin Sunset, muka sauka a gindin tudu, muka kama titin Vin Scully a ƙafa, yana dafe da kafaɗata, muna tsayawa yana hutawa.

A bakin ƙofar shiga, gindin allon da ke yi wa baƙi maraba, jama'a sun jibge furanni da kyandirori da tutocin Meziko da huluna masu faɗin baki. Na durƙusa na duba da kyau. Akwai wata ƙwallo da ta yi baƙi don tsufa, an rubuta 1981 a jikinta da biro. Kusa da ita wani ya ajiye ƙaramar rediyo mai batir, irin wadda ake sa wa a aljihun riga, an ɗaure murfin bayanta da roba. Wannan rediyo ta fi komai taɓa ni. Irinta mahaifina yake karawa a kunne da asuba yana sauraron London, irinta ce a teburin mai shayin unguwarmu. Ni kaina har gobe, in gari ya yi mini zafi a ƙasar nan, tashar Hausa nake kamowa a waya, ko da labarin bai shafe ni ba, don kawai in ji harshen yana tafiya.

Fernando ya rabu da Dodgers a 1991 ba a cikin daɗin rai ba, ya yi yawo a ƙungiyoyi har da Padres ta garinmu, ya daɗe bai waiwayo ba. A 2003 ya dawo ya zauna a ɗakin sharhi kusa da Jaime Jarrín, ɗan ƙasar Ekwado, wanda shi ne ya yi masa tafinta a 1981. Baba ya ce Fernando ba mai yawan magana ba ne. Yakan yi shiru har ka manta yana nan, sai ya ce yanzu mai jifan zai sako kaza, kuma hakan ce za ta faru. Masu aikin lambu da magina da masu wankin kwanuka a bayan gidajen abinci sun shekara ashirin da muryar nan a kunne. Sai a Agustan 2023 ƙungiyar ta jingine lamba 34 a hukumance don girmama shi, wato ba mai sake sa ta, ko da yake tun tafiyarsa ba a ba kowa ita ba. A ganina sun yi jinkiri ƙwarai, amma na gode da aka yi yana raye, ya tsaya a filin ya gani da idonsa.

Baba ya ajiye furensa, ya kunna kyandir, ya yi addu'a irin tasu. Ni ban kunna ba, bai kuma nemi in yi ba. Na tsaya a bayansa riƙe da sandarsa da hularsa. Rigar da ya rungumo tun daga San Diego ya shimfiɗa ta a kan furannin, ya gyara kafaɗunta, ya miƙe. Mun yi taku kamar goma sai ya tsaya cak.

"Miho, koma ka ɗauko mini. Ta babana ce."

Na koma na ɗauko, na kaɗe ganyen furen da ya manne mata.

Na yi azahar da la'asar a wata kusurwa ta tashar, Baba yana gadin jakata, muka kamo jirgin yamma. Kafin Fullerton barci ya ɗauke shi, rigar a ƙirjinsa.

Washegari Juma'a aka buɗe gasar ƙarshe, Dodgers da Yankees, karo na farko da suka haɗu a wannan mataki tun 1981, kowane ɗan wasan Dodgers da lamba 34 ɗinke a rigarsa. Da magariba na ji ana ƙwanƙwasa katanga. Na leƙa na ga Baba ya fito da kujera biyu bakin gareji, yana murɗa rediyo yana neman tashar Sifaniyanci.