Igwar Rinella da Masu Gadinta

Saura minti goma ƙarfe sha biyu na rana ya buga muka isa lambun Upper Barrakka da ke Valletta, babban birnin Malta, mutane sun riga sun jeru a bakin baranda. A ƙasa igwoyi takwas ne a jere, bakinsu na kallon tashar jiragen ruwa. Wani matashi cikin kakin sojan Birtaniya na da ya ɗura albarushi, ya tsaya yana duba agogo. Da ta tashi sai da na ji ta a haƙarƙarina. A da, da wannan bugu na tsakar rana matuƙan jiragen ruwa ke saita agogonsu. Yanzu wata ƙungiya mai zaman kanta, Fondazzjoni Wirt Artna, wadda aka kafa a 1987, ita ta farfaɗo da al'adar.

Amma ba don waɗannan na zo ba. Muka sauka ta lif, muka hau jirgin fito zuwa ɗaya gaɓar, daga nan mota ta kai mu Kalkara, inda sansanin Rinella yake.

Sai ka kusa faɗawa ramin ganuwarsa kafin ka gane akwai gini, domin Turawan Ingila sun binne shi ne a ƙasa da gangan. Sun soma aikin a 1878, kuma igwa ɗaya tak aka gina wa dukan wurin. Nauyinta tan 100, faɗin bakinta santimita 45, harsashinta ya kusa tan guda. Kamfanin Armstrong na Newcastle ne ya ƙera ta. Abin dariyar shi ne, kamfanin nan ya riga ya sayar wa Italiya irinta, aka ɗora wa jiragen yaƙi Duilio da Dandolo. Hankalin Birtaniya ya tashi, ganin tun buɗe mashigin Suwez a 1869 Malta ta zama zangonta a hanyar Indiya. Sai ta koma wurin ɗan kasuwan da ya sayar wa abokiyar hamayya, ta saya: biyu Malta, biyu Jibralta.

Dattijon da ya zagaya da mu, ɗan sa-kai ne mai gashin baki, ya kai mu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye albarushi. Ta baki ake ɗura igwar, kuma ƙarfin mutum ba ya iyawa, sai da injin tururi mai tura ruwa da ƙarfi, shi ke juya ta ya cusa harsashi. Duk da haka bugu ɗaya take yi cikin minti shida. Ba ta taɓa harbin maƙiyi ba. A 1906 aka sallame ta daga aiki, zamani ya wuce ta.

Ƙanena da muke tare ya raɗa mini, "Yaya, to ina amfanin wahala a kan bindigar da ba ta taɓa yaƙi ba?" Amsar tana can Sliema, wani gari a Malta. Tagwaiyarta da ke sansanin Cambridge yanka ta aka yi a 1956, aka sayar da ƙarfen a kilo. Cikin huɗun nan biyu suka rage a duniya, wannan da ta Jibralta.

Ƙungiyar Wirt Artna ta karɓi Rinella a 1991, bayan sojoji sun daɗe da tashi. Abin da ya fi burge ni ba kakin da suke sawa ba ne, ko atisayen da suke nuna wa baƙi, ko da yake kuɗin shiga na taimaka musu. Aikin da babu mai ɗaukar hotonsa ne: kankare tsatsa, shafa fenti, cire ciyawa daga tsagar dutse. Iskar teku gishiri ce zalla, ba ta hutu, ka fente wannan gefe wancan ya soma ɓamɓarewa. Da ka leƙa maƙwabcinsu, tsohon sansanin Ricasoli na ƙarni na 17, wanda igiyar ruwa ke ta cin bangonsa kuma ba a barin baƙi shiga, ka ga bambanci.

Mun daɗe har jirgin fiton da muka yi niyya ya tafi ya bar mu. Muka shiga ɗaya daga ƙananan kwale-kwalen da ke ɗaukar fasinja daga Birgu, na zauna a tsakiya na riƙe katako gam, ƙanena yana ta yi mini dariya har Valletta.