Godiya ga duk wanda ya tsaya mini

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na nan Garwa, da dangi na Marwa da suka yi ta bugo waya.

Alhamdulillahi, jiki ya yi kyau, har na koma kasuwa. Kafin godiya bari in gyara zancen da ya zaga unguwa: ba sankara aka same ni da ita ba. Gwajin bakin mahaifa aka yi mini, aka shafa ruwan tsami a wurin, wani gefe ya yi fari. Canji ne da wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke jawowa, wanda in an ƙyale shi yana iya rikiɗewa ya zama sankara bayan shekara 15 zuwa 20. An ɗora wani ɗan ƙarfe mai zafi aka kashe wurin, ko kwana ban yi a asibiti ba.

Ungozomar da ta duba ni, Allah ya biya ki. Kin zaunar da ni kin yi mini bayani dalla-dalla: ruwa zai riƙa zuba har kusan wata guda, kada in tsorata, amma in na ji zazzaɓi, ko wari, ko jini mai yawa, ko ciwon mara mai tsanani, in dawo ba tare da jira ba. Mako huɗu babu kwanciyar aure, babu wanke ciki, babu cusa komai. Hajiya mai kayan mata ta aiko mini da matsi wai zai hanzarta warkewa. Na gode da niyya, amma na mayar mata.

Maigida, ka yi haƙurin da ba kowane namiji zai yi ba, kuma ba ka taɓa yi mini kallon zargi ba. Wannan ƙwaya yawancin ma'aurata na haɗuwa da ita a rayuwa, sau da yawa jiki ya kore ta da kansa.

Babbar godiyata ga Yaya, uwargidanmu. Ta karɓi girkina, ta hana ni ɗaukar jarkar ruwa, ta riƙe mini yara. Sannan da kanta ta ce a kai ta a duba ta ita ma. Masu cewa kishiya ba ta abin arziki, ku zo gidanmu.

Matan adashinmu, kuɗin da kuka haɗa sun isa har da na mashin. Inna, addu'arki na tare da ni.

Masu tambaya ta waya: daga shekara 30 ake so mace ta fara gwajin, mai ɗauke da ƙanjamau kuwa daga 25. Rigakafin HPV yana cikin alluran gwamnatin Kamaru tun 2020, kuma na kai 'yata mai shekara 9 an yi mata. Ni ma an ce in koma bayan shekara guda a sake dubawa, katin yana hannun Yaya don kada in yi sakaci.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.